Halliru Tela da Kekensa Ba Hutu

Malam Halliru Tela mutumin Yammedi ne, amma a Ƙaraye aka fi saninsa, inda ya shekara talatin da wani abu yana ɗinki a wani ɗan shago kusa da masu sayar da rake. Dogo ne, siriri, ba mai yawan magana ba. Yana da wani hali da kowa ya sani: ba ya son a taimaka masa da abin da yake ganin zai iya. In buhu ya fi ƙarfinsa, gara ya ja shi a ƙasa da ya ce wa wani "kama mini".

Shekara uku da suka wuce, da damina, ya hau bayan ɗan acaɓa zai je gaisuwar mutuwa. Babur ya zame a taɓo ya danne masa ƙafar dama. Cinya ta karye, gwiwa ta bugu. Wata huɗu ya yi a kwance. Da ya tashi ƙashi ya haɗe, amma ƙafar ta rame kamar ba tasa ba, gwiwa kuma ta sandare, ba ta lanƙwasuwa sai rabi. A zaune yake sallah. Ranar Juma'a mutum biyu ke sauke shi a ƙofar masallaci, a buɗa masa wuri a gefen sahu. Don alheri ake yi masa, ya sani, amma duk "sannu, Malam" da aka ce masa sai ya ji ta a ƙirji.

Abin da ya fi ci masa rai shi ne ɗinki. Da ƙafar dama ya saba taka keken ɗinki tun yana saurayi. Ya gwada da hagu, ɗinkin ya riƙa fita a karkace. Wata rana ya warware wuyan riga ɗaya har sau uku, ya rufe shago tun kafin azahar ya koma gida.

Wani ma'aikacin asibiti ya ce masa ƙafar motsi take so, ya riƙa hawa keke. Ya ari na maƙwabcinsa, sai ya ga kansa kawai yake yaudara. Ya taka da hagu, keke ya gangara, ta dama na rataye tana hutawa. In fedar dama ta taso sama, gwiwa ta ƙi, sai ya mayar da feda baya ya sake takawa da hagu. Kwana biyar ya mayar wa mai keke abinsa.

Daura da shagonsa akwai rumfar Liti mai gyaran keke, wanda kan sari kekunan gwanjo daga Kano ya gyara ya sayar. A cikin kayan da ya kawo a shekarar, duk sun tafi sai guda ɗaya, da ya rataye a jikin rumfa har ya yi ƙura. Baƙi ne, tayoyinsa sirara kamar yatsa, kansa a murɗe zuwa ƙasa kamar ƙahon rago. Wata safiya da babu aiki, Halliru ya dogara sandarsa ya tsallaka.

Ya ce, "Liti, wannan kuwa me ya yi aka rataye shi?"

Liti ya yi dariya. "Malam, wannan ba shi da kasuwa. An ce na tsere ne, irin wanda ake zagaya fili da shi a ƙasashen waje, shi ne ƙaramin cikinsu, na masu koyo. Ba birki. Haƙorin baya da kaca ke hawa kuma a ɗaure yake da taya. Muddin taya na juyawa, feda ma juyawa take yi, ba dama ka tsayar da ƙafa ka huta. Wani ya gwada shi, ya manta ya daina takawa, keken ya ɗaga shi ya yar a gaban mai tsire."

"Sauko mini da shi."

Liti ya sauko da shi ya ɗaga tayar baya. Halliru ya murza feda da hannu, ya saki. Feda ta ci gaba da zagayawa ita kaɗai. Ya ɗora tafin hannunsa a kanta, ta ɗauki hannun ta kai sama, ta dawo da shi ƙasa. Ya san wannan abin. Haka keken ɗinki yake yi in ya ɗauki gudu, shi ke kaɗa ƙafar mai takawa.

Ya ce a hankali, "Ashe shi zai ɗauki ƙafar, ko ta so ko ta ƙi."

Suka daidaita, da yamma Liti ya turo masa shi har gida. Matarsa Sabuwa ta leƙo zaure, ta dubi keken, ta dubi mijinta.

"Malam, babur mai birki biyu ya kayar da kai, shi ne ka kawo mana wanda ba shi da ko ɗaya?"

"Ba hanya zan hau ba tukuna," in ji shi.

Ya sa Liti ya kai wa mai walda wasu ƙarafa, aka yi masa mazauni mai ɗaga tayar baya daga ƙasa, aka kafa keken a zaure. Shi kuma ya yanko tsumman tamfol da fata, ya ɗinka maɗauri da hannu, ya ɗaure ƙafar dama a kan feda don kada ta zame. Suka ɗaga sirdi sama sosai, yadda gwiwa ba za ta lanƙwashe da yawa ba.

Zagayen farko sai da ya yi salati da ƙarfi har Sabuwa ta fito da gudu. Hagu ta taka, taya ta juya, feda ta ɗago ƙafar dama ta ƙetarar da ita ta saman da ta daɗe ba ta kai ba. Zufa ta karyo masa. Ya yi zagaye bakwai ya sauka. Sabuwa ta ɗora ruwan zafi, ta gasa masa gwiwar, ta shafa man shanu. Washegari ya yi goma sha biyu. Duk ranar Asabar sai ya sassauta sirdin ƙasa kaɗan, ya ja layi da ƙusa a jikin ƙarfen don ya ga inda aka kwana. Layuka tara ya ja kafin ya ce a sauke keken daga mazauninsa.

A nan aikin Liti ya tashi. Ya cire kan ƙahon ragon ya sa miƙaƙƙe, don bayan Malam ba na sunkuyo ba ne. Ya yi ta fama har ya samu birkin da zai zauna a gaba, sannan ya ƙara na baya saboda Sabuwa ta ce in ba biyu ba, keken ba zai fita daga zaure ba. Ya nemo tayoyi masu ɗan kauri, iya abin da ƙarfen zai ɗauka, saboda rairayin hanyar Yammedi. Ya canza haƙorin baya da wanda ya fi girma, takun ya yi sauƙi. Halliru da kansa ya naɗe mariƙin da jar fata, ya ɗinka wa sirdi riga mai aikin zare, ya yi wata jaka mai kusurwa uku da ta cika tsakiyar keken daidai, kamar an haife shi da ita.

Fitarsa ta uku ya sha ƙasa. Bakin wandonsa mai faɗi ya shiga kaca, feda kuwa ba ta san tsayawa ba, ta naɗe wandon har gwiwa ta kifar da shi a gefen gonar gyaɗa. Bai ji ciwo ba sai ƙujewa a gwiwar hannu, amma wando ya tashi aiki. Ya zauna a ƙasa yana kallon yagaggen yadin, sai ya ji dariya ta kama shi, ta farko tun da ya karye. Da ya koma shago ya zauna a kan keken ɗinki ya yanka wa kansa sabon wando mai matsattsen baki da maɓalli uku a idon sawu. Sai da ya kai rabin ɗinkin ya lura cewa da ƙafar dama yake takawa.

Liti ya ce masa, "Malam, tunda ƙafa ta samu, bari in sa maka haƙori irin na kowa, ka riƙa hutawa a gangare."

Halliru ya girgiza kai. "Hutun ne ya kusa kashe ni. Bar shi yadda ya zo."

Daga ranar 'yan kasuwa suka laƙaba wa keken suna Ba Hutu. Halliru bai ji haushi ba. Da aka yi masa sabon fenti kore, shi ya ce wa mai fenti ya rubuta sunan da fari a jikin ƙarfen.

Da kaka ta yi, saƙo ya zo daga Jajaye ta ƙasar Rogo cewa yayarsa Yelwa ta samu jika. Yaya Yelwa ita ta raine shi bayan rasuwar mahaifiyarsu, kuma rabonta da shi tun yana kwance, ranar da ta zo dubiya ta fita tana share hawaye da bakin mayafi. Ya ɗinka wa jaririn riguna uku, ya yi wa uban jariri, ɗan Yelwa, kaftani, ya naɗe su ya cusa a jakar keke. Sabuwa ta ce ga mota nan tana tashi daga tasha. Ya ce ta shiga da sauran mata, za su haɗu a can.

Ana gobe suna, bayan sallar asuba, ya ɗauki hanya. Tafiya ce mai nisa, bai taɓa yin ko rabinta a keken ba. Dawa ta sunkuyar da kai a gonaki, masu yankan rake suna ɗaga masa hannu. Bai yi sauri ba, bai kuma tsaya ba, sai sau ɗaya da ya sha ruwa a wani famfo. Wani ɗan acaɓa ya rage gudu ya ce, "Baba, kama kafaɗata in ja ka." Ya ce, "Na gode, ɗana, yi gaba."

Bayan ya bar kwalta, hanya ta gangara zuwa wani rafi, gangare mai tsakuwa. Keken ya ɗauki gudu, feda na juya ƙafafunsa fiye da yadda ya saba. Yana karya kwana sai ga garken shanu ya cika mashigar rafin, wani dattijon Bafulatani yana biye da su. Ya taɓa birki, tayoyin suka fara zamewa a tsakuwa, ya sake shi da sauri. Abin da ya rage sai ƙafa. Ya miƙe kaɗan daga sirdi, ya riƙa tokare feda duk lokacin da ta taso, hagu ta tokare, dama ta tokare. Maɗaurin ya ɗame, cinyarsa ta yi zafi kamar an zuba garwashi. Gudun ya ragu, ya ragu, har keken ya koma rarrafe, taku biyu tsakaninsa da wata farar saniya. A haka ya riƙe shi, yana ɗan motsa feda gaba da baya, har ta ƙarshe ta wuce.

Dattijon ya jingina da sandarsa yana kallo. Suka gaisa, ya ce sunansa Bappa, daga wajen Ruwan Bago suke.

"Malam, na ɗauka za ka shiga cikinsu. Da me ka tsayar da shi? Ban ga ka sa ƙafa a ƙasa ba."

Halliru ya dubi ƙafarsa ta dama a cikin maɗauri. Ya daɗe yana kallonta.

"Da wannan," ya ce. "Bara war haka a hannu ake ɗaukata."

Bappa ya ce, "Allah mai iko." Ya kwance gorarsa ya miƙa masa nono, Halliru ya sha, ya yi godiya, ya tura keken ya ƙetare rafin.

Rana ta take tsaka ya shiga Jajaye, ƙura har gira. Motar su Sabuwa ba ta ma iso ba. Yaya Yelwa tana tsakar gida tana tsintar shinkafa aka ce mata ga baƙo a keke. Ta fito tana kare rana da hannu.

"Wa nake gani haka? Halliru? Wa ya kawo ka?"

"Ni na kawo kaina, Yaya."

"Daga ina?"

"Daga gida."

Ta zagaya keken, ta zagaya Halliru, ta sunkuya ta taɓa gwiwar da hannunta. Shi kuma ya durƙusa har ƙasa ya gaishe ta yadda ya saba tun yana ƙarami, gwiwa biyu. Ta fashe da kuka, ta yi guɗa, sannan ta hau shi da faɗa, wai mutum da furfurarsa zai kashe kansa a hanya. Tana faɗan tana kiran maƙwabta su zo su ga ƙaninta. Washegari uban jariri ya sa kaftaninsa, duk wanda ya yaba ɗinkin sai ya nuna masa kawunsa, ya ƙara da cewa a keke ya kawo shi tun daga Yammedi.

Kwana biyu ya yi, ya komo ta hanyar da ya bi.

Har yau in Malam Halliru yana tafiya a ƙasa akwai ɗan ɗingishi, in sanyi ya yi kuma gwiwar takan tuna masa. Kullum da hantsi yakan iso kasuwar Ƙaraye a kan Ba Hutu, ya jingine shi inda zai riƙa hango shi daga kan keken ɗinki, ya goge kaca da tsumma kafin ya buɗe shago. Masu kai kaya a keke sun fara kawo masa yadi ya yi musu wando mai maɓalli a idon sawu. Mutum uku sun nemi ya sayar musu da keken, cikinsu har da wani malamin makaranta daga Rogo da ya yi sawu biyu. Halliru ya ba shi kujera, ya saya masa rake, ya bar shi ya zagaya kasuwa da shi sau ɗaya, sannan ya karɓi abinsa.