Tayin Alhaji a Kantin Kwari

Ni na matsa wa Baba ya biyo ni Kano. Ya haura saba'in bai taɓa ganin birnin ba, sai labari. Tun hantsi muke yawo, na nuna masa tashar jirgin ƙasa, muka ratsa Fagge a ƙafa yana ɗaga kai yana kallon benaye. Azahar na yi yunwa ta fara murɗa mini ciki. Ni ma ba sanin garin na yi ba, duk mai tuwon da na hango sai in nuna, shi kuwa ya kau da kai. A wurinsa dattijo ba ya cin abinci a bainar jama'a, balle yana da mai masauki a gari.

Mai masaukin wani Alhaji ne a Kantin Kwari. Yana saurayi a kan keke yake kawo tallan atamfa ƙauyenmu, a zaurenmu yake kwana, Inna ta sha tuƙa masa tuwo shekara da shekaru. Da ƙyar da tambaya muka gano shagonsa. Muka tarar ya buɗe kulolin da aka aiko masa daga gida, ƙamshin miya ya cika shagon.

"A'a, Malam! Yaushe a gari? Bismillah, ku matso."

"Alhamdulillahi, Alhaji, a ƙoshe muke," in ji Baba.

A garinmu tayin farko ba a karɓarsa. Sai an sake, an kuma sake, har mai gida ya haɗa ka da Allah, sannan ka sa hannu. Na ga Baba ya fara naɗe hannun rigarsa yana jiran na biyu.

"To madalla," in ji Alhaji. Ya ci gaba da kai loma yana tambayar damina.

Muna zaune a kan dilar atamfa ya cinye, ya rufe kula. Wallahi har yau ban yafe masa ba, don ya san al'adarmu sarai, da ita ya ƙoshi a gidanmu.

Sai bayan la'asar Baba ya yarda muka shiga wani gidan abinci a Sabon Gari, rediyo na ta kururuwa, mutane cike da benci. Ya zaɓi lungu, ya juya wa ƙofa baya, ya ci tuwon da sauri kamar wanda ya sato. Haushi ya hana ni jin daɗin nawa, na kasa kallonsa.

Da muka koma gida Inna ta tare mu tana tambayar baƙonta na da. Kafin in buɗe baki Baba ya riga ni.

"Ai ya karrama mu. Har kaza ya sa aka yanka."

Inna ta yi ta sa wa Alhaji albarka. Washegari ta ƙulla kuka da daddawa, ta ce in nemi mai zuwa Kano ya kai masa.