Zabiyar Masaƙa

Umma ba ta iya waƙa ba. Gara in faɗi wannan tun farko, kada wani ya ji sunan da ake kiranta da shi ya sa rai. Zabiya ake ce mata, kuma waɗanda suka laƙaba mata sunan ba su taɓa jin ta rera komai ba.

A masaƙa ta yi aiki, tun kafin a haifi Yaya, wana, har na gama makaranta na yi aure. Ɗakin saƙar dogo ne, injuna jere layi-layi, kowace mace da nata layin, tana kai da kawowa tana ɗaura zaren da ya tsinke. Na taɓa shiga nemanta, ban ƙara marmari ba. Ƙarar wurin har a haƙori ake jinta. Matan sukan toshe kunne da auduga, in za su yi magana sai su dubi bakin juna, kuma da leɓe kaɗai suke gulmar duniya, daga wannan bango zuwa wancan.

Asalin abin tun tana firamare ne. Ana koya musu waƙar tarbar baƙi, malamar tana bin layi da kunne a karkace, har ta iso kanta ta tsaya. Ba ta dake ta ba, ba ta ma ɗaga murya ba. Dafa kafaɗarta ta yi ta ce, "Ke dai ki riƙa motsa baki, ba sai kin fitar da murya ba." Umma ta ba mu labarin nan tana tsintar wake, ba tare da wani ɗaci ba, kamar labarin wata can. Kuma ta bi umarnin malamar fiye da yadda malamar ta nufa. Ko mu da muke jarirai ba ta yi mana waƙar rarrashi ba, jijjiga ce kawai da bubbuga baya. Abba ya zauna da ita har ya koma ga Allah bai san tana da wata waƙa a ciki ba.

Makonta na farko a masaƙa ta gano cewa in ta buɗe baki a tsakiyar injunan nan, ba mai ji, har ita kanta. Sai ta buɗe. Ta ce a ƙirji take jin abin, yana hawa yana sauka, kuma a can ciki daɗi gare shi. Waƙoƙin ma nata ne, ita ke haɗa su tana tafe, yawanci da zare take magana. Matan layi suka ga jijiyar wuyanta tana tashi, kai yana rangaji, ido a lumshe rabi, suka ce lallai wannan zabiya ce. In an haɗu a gidan biki suka ce ta ɗan taɓa musu, sai ta ce maƙogwaronta ke ciwo, su kuma su ce jan aji ne irin na masu baiwa. Haka aka yi ta tafiya shekara da shekaru, kowa da abin da ya ɗauka.

Shekarar da aka rufe masaƙar ita ce shekarar da Abba ya rasu, kuma a cikinta ne aurena ya mutu na kwaso akwatina na dawo. Sai muka zama mu biyu a ɗaki biyu a saman bene, da ɗan kicin da mutum biyu ba sa wuce juna a ciki sai ɗaya ya karkace. Kunnen Umma kuwa injuna sun riga sun cinye shi. In kina gabanta tana ganin bakinki, hira ras. In kin juya baya, ko tukunya kika yar ba ta sani ba.

Ba kuka muke yi ba a lokacin, kada a ɗauka. Da ma kukan ne da sauƙi. Ni in tashi in tafi shagon magani inda nake aiki, in miƙa wa mutane ƙwayoyi, in dawo. Ita kuma inda na bar ta nan zan same ta, kan kujerar da ke bakin taga, hannu a cinya, yatsunta suna ɗaura zaren da babu shi. In na zuba mata abinci ta ci rabi, in ban zuba ba ba ta tambaya. Ni ma ban damu ba sosai, kuma na san ya kamata in damu, amma ko wannan ɗin bai dame ni ba.

Wata rana da la'asar ina hawa bene na ji wani abu kamar ana jan gadon ƙarfe a kan siminti. Na ƙara sauri, a zatona wani abu ne ya same ta. Na tarar da ita a kicin, ta ba ni baya, famfo a buɗe, tana wanke kwanukan da suka kwana biyu suna jirana. Waƙa take yi, da iya ƙarfinta.

"Zare je ka dawo, ina nan inda ka bar ni."

Ban san yadda zan kwatanta muryar ba tare da na ci mutuncin mahaifiyata ba. Inda ya kamata ta hau sai ta gangara, inda ya kamata ta tsaya sai ta zarce, kuma duk a sama, don ta saba gasa da injuna. Na tsaya a bakin ƙofa da jakata a kafaɗa har ta gama kwanukan. Da ta juyo ta gan ni ba ta ji kunya ba ko kaɗan, ta ce in miƙo mata tsumma.

Daga baya na gane dalili. Ta ce min ai ƙugin masaƙa bai taɓa barin kunnenta ba, dare da rana yana nan, wani lokaci har takan ji kamar zare ya tsinke a layi na can. To tunda injin yana aiki, a lissafinta ba mai jin ta. Ni kuwa ban gaya mata ana ji ba.

Ba zan yi ƙarya in ce ina jin daɗin sauraro ba. Akwai ranakun da nakan shige banɗaki in rufe ƙofa don kaina ya huta. Matar Direba, wadda bango ɗaya ya raba kicin ɗinmu da nata, ta tare ni a matakala da fuskar jaje ta tambaye ni ko ciwon ciki ne ke damun Umma, don ita tana da wani jiƙo. Na ce mata waƙa ce. Ta ce, "Allah sarki," ta wuce. Daga nan in abin ya yi yawa sai ta ɗan bubbuga bango da ludayi, Umma ba ta ji, ni ke ji. Amma kwano ya daina kwana, an share ƙarƙashin gado, abinci ya fara ƙarewa a faranti. Har kasuwa ta koma zuwa da kanta.

A hanyar kasuwar ne mota ta kusa kwashe ta. Mai motar ya yi ta danna oda, ita tana tafiyarta a tsakiyar titi, sai da ya taka birki har kwandonta ya zube. Da Yaya ya ji, washegari ya zo ya ɗauke ta sai asibiti, kuma ba wanda zai ce bai kyauta ba. Aka auna kunnen, aka ba ta wata 'yar na'ura mai kamar ƙwayar wake da ake saƙalawa a bayan kunne. Ita ta sa mata suna ƙwaro.

Ranar farko abin dariya ne. Ta ji agogon bango ta tambaya ko da ma haka yake surutu. Ta ji tafiyata ta ce ashe har yanzu ban daina jan ƙafa ba. Ta sa Yaya ya yi ta magana ta bayanta tana amsawa, yana murna kamar shi ya ƙera kunnen.

Washegari da hantsi ina shan shayi ta shiga kicin ta buɗe famfo. Ta ɗauko waƙar zaren nan tata, ta kai rabin layi, ta tsaya. Ta waiga hagu da dama kamar mai neman wanda ya shigo. Ta sake ɗaukowa, a hankali wannan karon, ta sake tsayawa. Sai ta rufe famfon, ta fito tana goge hannu a zani.

"Auta, haka ake ji?"

Na ce me fa.

"Kin san abin da nake nufi. Tun yaushe?"

Na ce an ɗan jima. Ta tambaya ko har maƙwabta, na ce ai bangon yana da kauri. Ta koma kicin ta ƙwanƙwasa bangon da yatsa, ta saurara, yanzu da take da abin saurare. Abin da ta ce kawai shi ne, "Ashe malamar nan ba ta yi ƙarya ba." Ta bar sauran kwanukan a cikin ruwa, ta koma kujerar bakin taga.

Da yamma ta yafa mayafi ta je ta ba Matar Direba haƙuri. Ita kuma baiwar Allah, don ta kwantar mata da hankali, ta ce ba komai wallahi, ai sun saba, har yaranta sun haddace. Umma ta dawo ta ninke mayafin ta ajiye.

Gidan ya koma yadda yake, har ya fi, don yanzu ana jin agogo. Kullum da safe ta saka ƙwaronta, tunda ɗanta ne ya saya, ta amsa gaisuwa daidai, ta ji sallama tun daga ƙasan bene. Duk wanda ya zo sai ya ce kai, Umma ta warke. Yaya ma haka ya ce a waya. Da na gaya masa ta daina waƙa, ya ce to ai a shekarunta carbi ya fi mata. Na ce da tana haɗawa da carbin, kuma da tana cin abinci. Ya ce ni dai ba a iya min. Muka yi sallama ba tare da kowa ya ji haushi ba, don ni ko ƙarfin jin haushin ba ni da shi.

Na gwada dabara. Na ce mata ta riƙa cire ƙwaron in za ta shiga kicin, kada ruwa ya lalata shi. Ta dube ni irin kallon da take min tun ina yarinya in na ɓoye abu a bayana.

"Ko na cire, Auta, ai na riga na ji."

Wata tsohuwar abokiyar aikinta ta zo gaishe ta a cikin kwanakin nan, Doguwa suke ce mata, ita ma kunnen ya tafi kuma ba ta da ɗan da zai saya mata ƙwaro. Tun daga ƙofa take kiran Zabiya. Suka zauna suna hira da leɓe ba sauti, ni ina gefe ina tsintar abin da na iya. Na ga Umma ta ce mata ta daina kiranta da sunan nan, ta ji muryar da kunnenta, ba abin arziki ba ce. Doguwa ta kaɗa hannu ta ce ita ina ruwanta, ita dai ta san in ƙafarta ta gaji a layi takan ɗago ta dubi Umma, sai ta ji ta samu ƙarfin ƙarasa yini. Umma ta ce ai gani ta yi, ba ji ba. Doguwa ta ce to ita ganin ya ishe ta. Da ta tafi na zaci maganar za ta yi wani aiki, amma ba ta yi ba. Umma ta ci rabin abincinta ta ture.

Wanke-wanke ya dawo kaina. Wata safiyar da ba ni da aiki ina tsaye a gaban famfo, ruwa yana zuba, ba na tunanin komai, sai na ji waƙar zaren nan a bakina. Ni ban taɓa gwada waƙa a gaban mutum ba, a gidanmu ba a saba ba. Da na ji abin da ya fito sai na gane gado ba a kan dogon hanci kaɗai ya tsaya ba. Na yi niyyar yin shiru, sai kuma na ga ba dalili, na ci gaba, har na ƙara ƙarfi.

Ban ji zuwanta ba, ita ba ta jan ƙafa. Na dai juyo na gan ta a bakin ƙofa, ƙwaron yana kunnenta.

"Muryarki ba daɗi," in ji ta.

"Na sani, Umma."

"To me ya sa kike yi?"

Na ce kwanukan sun fi saurin fita. Ta kalli hannuna a cikin kumfa. Na koma kan waƙar, na yi layin farko na tsallaka zuwa na uku, don iyakar abin da na riƙe ke nan.

"Kin tsallake," ta ce. "Ba a barin zare a tsinke."

Ta matso, na karkace ta shiga, ta ɗauki tsumma da faranti ɗaya. Na zuba ido in ga ko za ta kai hannu kunne ta cire ƙwaron, ba ta kai ba. Ta buɗe baki ta ɗauko layin da na tsallake, ƙasa-ƙasa. Na ga lokacin da ta ji kanta, don fuskarta ta yamutse, ta runtse ido, farantin ya tsaya a hannunta. Na ci gaba da nawa ban jira ta ba. Can sai na ji ta biyo ni, ba a tare muke ba, ba kuma wadda ke kan hanya a cikinmu.

Daga bayan bango Matar Direba ta fara bubbuga ludayinta. Wannan karon Umma ta ji. Ta dubi bangon, ta dube ni, ta miƙo hannu in ba ta faranti na gaba.