Gadon da ya ƙi shiga ɗaki

Maƙwabcina a Ƙanƙara, Allah ya jiƙansa, kafinta ne, kuma ban taɓa ganin wanda ya raina ƙusa kamarsa ba. Shi huda katako yake yi, ya fiƙe bakin wani ya cusa, ya zuba gam, abu ya kama ke nan har abada. Ni masara nake saye a Faskari da Daudawa, kuma bencin da ya yi mini tun ina awo da kwano yana ƙofar shagona har yau.

Da babbar 'yarsa za ta auri wani malamin firamare a Damari, ya ce ba mai yi mata gado sai shi. Matarsa, wadda duk unguwa ke kira Inna, ta ce, "Malam, ka je ka auno ƙofar ɗakin nan."

"Tun ba ki iya tuƙa tuwo ba nike yin gado," in ji shi.

Maɗaci ya samo, ya yi gado mai nauyin bijimi. Ranar jere muka ɗora shi a akori-kurata da nishi, muka tafi har da Inna. Hanyar Sabuwa ta kwance mini ƙofar mota, gado ko ƙara bai yi ba.

Ɗakin amarya ginin ƙasa ne tun na kakan ango, ƙofarsa 'yar tsukuka. Muka gwada ta kai, muka gwada ta gefe, ya ƙi. Gadon kanti kwance shi ake yi a haɗa a ciki, nasa kuwa ba ya kwantuwa. Ga mata tsaye da kwanuka suna jira, gobe kuma za a kawo amarya.

Ƙanen ango ya ce, "Baba, a yanke ƙafafun mana, in an shiga a buga ƙusa."

Malam ya dube shi kamar ya zagi mahaifinsa.

"Mi na ce maka?" in ji Inna. "Ga abin awon can cikin aljihunka, sabo fil."

Na ja shi gefe na ce ya bar mini gadon, in ruga kasuwa in kawo na kanti kafin la'asar. Gaskiya ni ma ina son gadon. Ya ce 'yarsa ba za ta kwana kan aikin wani ba yana da rai.

Sai ya je ya durƙusa gaban uban ango, ya roƙi izinin fasa bango.

Tsohon ya yi dariya har da tari. "Malam, 'ya muka roƙa, ba mu san da rusau take zuwa ba. Fasa, amma kai za ka gyara."

Ya ari diga ya fasa da hannunsa, gado ya shiga da ƙafafunsa cif. Ni na dawo da Inna gida, shi ya zauna a Damari yana sassaƙa sabuwar ƙofa. Amarya ta tare a ɗakin da aka rataya wa tabarma, ubanta na tsakar gida yana ta jan zarto, duk ya hana ango sakewa.