Malam Habu Zagaye-Biyu da Robar Cincin

Duk wanda ya zauna da Malam Habu a garin nan ya san ba a yi masa tambaya a tsaye. Ka ce, "Malam, shayi ko kofi?" sai ya tura gilashinsa sama ya ce, "Wannan zagayen farko ne ko na biyu?" Daga nan ka shiga uku. "A zagayen farko ka zaɓi wanda kake so, a na biyu ka kori wanda ba ka so." Shi ya sa muka laƙaba masa Zagaye-Biyu, kuma wallahi yana amsawa. Ni da nake ƙanin matarsa, na yi shekara biyu a gidansu na Bukit Jalil ina digirina na biyu, babu wanda ya kai ni shan wannan karatu.

Ga waɗanda suka zo daga baya, malamin Faransanci ne, Bakatsine. Yana saurayi aka tura shi Faransa na 'yan watanni ya goge harshe, a wani ƙaramin gari na masu haƙar kwal, sai ya yi dace da zaɓen 'yan majalisa. Mutane suna dawowa daga Turai da turare da agogo, shi bawan Allah ya dawo da mazaɓa guda a ka. Ya san jam'iyyar da ta riƙe ta tun zamanin kakanninsu, ya san lokacin da ta suɓuce musu, ya san unguwar da ba ta fitowa sai a zagaye na biyu. "Mazaɓata" yake ce mata, alhali ko ƙuri'a ɗaya bai taɓa jefawa a can ba.

Kun tuna shagon abincin nan na mamak da ke unguwar Brickfields da muke zuwa bayan Juma'a? Ba a isa a ci gurasar roti lafiya ba. Sai ya jera kofuna a tebur.

"Wannan kofin 'yan ƙwadago ne. Shekara da shekaru su ke ci, ko akuya suka tsayar. Wannan kwalbar yajin kuma su ne suka ɓullo bayan an rufe ramin kwal."

Rannan mai shagon ya gaji, ya zo ya tsaya a kanmu. "Boss, makan or meeting?" Wato ci muka zo yi ko taro. Bai jira amsa ba ya ɗauke kofin 'yan ƙwadago ya wuce.

Malam ya buga tebur don murna. "Kun gani! Haka aka yi musu! Suna zaune suna surutu aka ɗauke kujerar!"

Na ce, "Malam, kai fa ko kansilan unguwarku ba ka sani ba."

Ya ce, "Lawal, shi ma kansilan bai san yadda aka yi ya ci ba."

A kan tarihin zaɓen wannan mazaɓa ya zo yin digirin digirgir. Sufabaizansa mai duba aikin, wani farfesa ɗan ƙasar nan mai haƙuri, ya yi ya yi da shi ya canza. "Why France lah? Nigeria no election?" Malam ya ce masa zaɓe kam akwai, amma namu ba a rumfa yake ƙarewa ba, a kotu yake ƙarewa, shi kuwa ba lauya ba ne. Sau uku ana dawo masa da takardarsa, sau uku yana mayar da ita yadda take, sai dai ya sauya mata bango. A ƙarshe farfesan ne ya gaji ya sa hannu.

Mu dariya muke yi masa. Sau ɗaya kawai ya gaya mini dalili, muna cikin jirgin ƙasa za mu KL Sentral. Ya ce lokacin da yake bautar ƙasa an ba shi rumfar zaɓe a wani ƙauye. Tsofaffi suka yini a rana a kan layi. Da la'asar wasu suka zo suka fizge akwatin daga hannunsa, washegari ya ji rediyo na karanta sakamakon rumfarsa, rumfar da shi bai ƙirga ba. Ya ce, "A can garin kwal na ga akwati na gilashi, na ga mutanen gari da kansu sun zauna suna buɗe ambulan a gaban kowa. Tun ranar nake jin kunyar tsofaffin nan." Rannan ban tsokane shi ba har muka sauka.

To, sai maganar ƙungiyarmu ta Hausawan garin nan. Kun san yadda ake yi a da. Idan shekara ta zagayo, manya huɗu ko biyar su shiga ɗaki, mu muna waje muna shan lemo, su fito su ce an yi maslaha, Dakta Sule zai ci gaba. Dakta Sule dattijo ne, ya riga kowa zuwa, ba ni da ta cewa a kansa. Amma shi ke raba komai, daga wanda za a tarbo a filin jirgi har wanda za a tsaya wa idan bizarsa ta sami matsala, kuma ba a taɓa tambayar kowa ba.

A wannan shekarar, ana cewa "an yi maslaha" Malam Habu ya miƙe.

"Da wa aka yi ta?"

Wani ya ce, "Haba Malam, ai mu 'yan uwa ne, ba sai an yi election ba."

"Idan 'yan uwa ne, me ya sa aka rufe ƙofa?"

Aka ce zai raba kan jama'a. Aka ce ya kwaso al'adar Nasara. Wani ya kira shi gefe ya ce za a ba shi sakatare ya yi shiru. Ya ce shi ko mai shara za a ba shi sai an ƙirga. Wata biyu wasu ba sa amsa masa sallama da kyau, ko gezau bai yi ba. Da surutu ya ishi Dakta Sule sai ya ce, "A yi masa zaɓen nan mu huta." Aka kuma ce tunda shi ya ja, to dole ya tsaya takara, a ga ƙarshen taurin kai.

Nan ne maƙonsa ya yi rana. Akwatin gilashi tsada, sai ya ɗauki babbar robar cincin ta matarsa, Yaya Binta, irin mai jan murfin nan da ake zuba kayan Sallah, ya tsaga murfin da wuƙa. Yayata ta fito ta gani ta ɗora hannu a ka.

"Baban Ummi! Robar tawa?"

"Binta, yau robarki ta shiga tarihi."

"Tarihin ya zuba mini cincin ɗina a ina?"

Ambulan kuwa, korayen nan na barka da Sallah da shaguna ke rabawa kyauta, ashe ya daɗe yana tara su. Labulen banɗaki ya zama wurin ɓuya. Ya buga sunan kowane ɗan takara a 'yar takarda daban, yadda ake yi a mazaɓarsa: ka ɗauka, ka shiga bayan labule, ka sa wadda kake so a ambulan, ka fito ka jefa. Ba biro, ba dangwale. Ya karanta mana doka har sau uku, cewa duk takardar da aka yi wa rubutu ko ɗigo ɗaya ne ta lalace. Ya kuma kafe sai matan aure sun jefa. Aka ce ai ba su ne ɗalibai ba. Ya ce, "Su ke dafa abincin taron, su ke jinyar marasa lafiyarmu. Wanda ya ci tuwonsu ya ƙirga ƙuri'arsu."

Ranar Lahadi bayan azahar, a zauren ƙasan benenmu, aka yi zagayen farko mutum uku, aka fitar da ɗaya. Duk wanda ya jefa, sai Malam ya ɗaga murya kamar ladan, "Ya jefa!" Idan mace ce, "Ta jefa!" Mata har da guɗa. Aka zo zagaye na biyu, shi da Dakta Sule.

Aka zazzage roba a tebur a gaban kowa. Ana cikin buɗewa sai ga takardar Malam Habu, an rubuta a bayanta, "Allah ya ba da sa'a." Aka buɗe wata, "Bismillah, Allah ya dafa maka." Wata kuma, "Allah ya kare ka daga mahassada." Jama'a, Bahaushe ya ga farar takarda, ya ga sunan wanda yake so, ya iya sakinta ba addu'a? Bakwai cif, duk nasa. Dakta Sule na da ashirin da bakwai, Malam na da ashirin da huɗu. Ko yaro ya san abin da bakwai ɗin nan za su yi.

Malam ya tattara su gefe ya ce, "Sun lalace."

Raina ya ɓaci, na miƙe. "Wace irin lalacewa? Addu'a ce fa! Sunanka ne a jiki, kowa ya gani!"

Dakta Sule da kansa, Allah ya saka masa, ya ce, "Malam Habu, count them. Niyyar masu su a fili take, ka ci."

Ya girgiza kai. "Dakta, idan yau na karɓi takarda mai alama don tawa ce, baɗi wani zai raba shinkafa ya ce kowa ya rubuta masa Bismillah don ya gane wanda ya cika alkawari. Ban ja rigimar wata biyu don in zama shugaba ba." Ya kama hannun Dakta Sule ya ɗaga sama, ya ce, "Yau ne ka fara cin zaɓe. Da can naɗa ka ake yi."

An ce wanzami ba ya son jarfa, to wannan wanzamin da kansa ya miƙa fuska. Kwana uku ban yi masa magana ba, shi kuwa yana ta walwala kamar wanda aka yi wa albishir da Hajji.

Bara ciwo ya kwantar da shi, kwana tara kacal. Ya miƙa kundinsa, bai kai ga kare shi ba. A nan muka binne shi, kuma Dakta Sule ne ya yi ta zirga-zirgar takardu har aka gama.

Da muke haɗa kayan Yaya Binta za ta koma gida, sai ga koren ambulan a cikin aljihun jakarsa, inda yake ajiye fasfo. Takardun nan bakwai ne, har sun yi laushi don yawan buɗewa. Ta zaro ɗaya ta miƙo mini. "Allah ya kare ka daga mahassada." Rubutunta ne.

Ta ce, "Ni ma ina cikin waɗanda suka kayar da shi. Ya gane hannuna tun a tebur, bai nuna ba. Sai da muka shigo gida ya ce, Binta, addu'arki ta karɓu, ƙuri'arki ce ba ta karɓu ba." Tana dariya tana share hawaye, ni ma na kasa riƙe nawa.

Yanzu ina jin ƙishin-ƙishin wai bana a koma maslaha, wai zaɓe wahala. To ku ji da kyau. Robar tana wurina, da tsagaggen murfinta, kuma ranar Lahadi zan ajiye ta a tebur. Wanda ke son kujera ya zo a ƙirga shi. Ku bar biro a gida.

Ya Allah, takardun nan bakwai bawanka Habu ya soke su a gabanmu saboda gaskiya. Kai kada ka soke su. Ka ba shi sa'a, ka dafa masa, ka haskaka kabarinsa a wannan ƙasa da ba tasa ba, ka raya masa Ummi da ƙannenta. Amin.