Keken da Aka Ɗaure a Ɗaki

Shekara talatin da ɗaya Masinja ya yi yana kai takardu daga wannan ofis zuwa wancan a kan baƙin kekensa mai kariyar ɗora kaya a baya. Ya yi ritaya, amma sunan bai sake shi ba, shi ma bai saki keken ba. Kullum da hantsi sai ya naɗe ƙafar wando, ya zaga gari, ya ƙare a rumfar amininsa Mai Faci, su yi ta musu a kan abin da bai shafe su ba.

A rumfar nan ne ya faɗi abin da ko matarsa ba ta sani ba. Idonsa na hagu ya fara hazo. Sau biyu mota ta kusa kwashe shi a shataletale, bai gan ta ba sai dai ya ji iskarta.

"Ka rufa mini asiri," in ji shi. "In 'yata ta ji, kashina ya bushe."

Mai Faci ya dafa ƙirji. "Haba, ni da kai? Maganar ta mutu a nan."

Bayan mako biyu Mai Faci ya juya tayar baya, ya kasa kunne, ya ce akwai abin da ke ci a ciki, a bar masa keken kwana uku. Masinja ya tako gida a ƙasa yana sa masa albarka.

Rana ta huɗu sai ga 'yar tasa, ma'aikaciyar jinya, da fara'ar da ta yi yawa. Mai Faci na biye da ita, yana tura keken da hannu ɗaya, ɗaya hannun riƙe da wani ƙarfe mai ƙafafu. Ba su tsaya a ƙofa ba, har falo suka shige. Ta ja kujera gefe, ta shimfiɗa tsohon bargo. Mai Faci ya buɗe ƙarfen, ya ɗaga tayar baya ya zaunar da ita a tsakiya, ya matse ta dama da hagu, har ta kwanta a kan wata 'yar ganga mai juyawa. Ya sa katako a ƙarƙashin tayar gaba. Duk wannan aiki bai ɗaga kai ba.

"Baba, ka ga," in ji 'yar. "Za ka yi ta tuƙi son ranka. Ba rana, ba mota."

"Ba mota," Masinja ya maimaita a hankali. "Wa ya yi miki zancen mota?"

Ta sunkuyar da kai. Sifanar da ke hannun Mai Faci ta ci gaba da ƙara.

Ya matso ya kama kan keken, yatsunsa suka nemi burki, suka damƙi iska. An cire, gaba da baya, har da wayoyin. Ashe aikin kwana ukun ke nan.

"A ɗaki ba a bukatar burki," in ji Mai Faci, muryarsa ƙasa-ƙasa.

"Kuma ba burki ba a fita titi," in ji Masinja. "Ka iya aikinka. Tattara kayanka."

Wata guda bai ko kalli keken ba, har matarsa ta fara shanya tawul a kai. Da gwiwoyinsa suka soma ƙagewa, wata safiya ya janye tawul ɗin ya hau. Ya taka, taya ta yi ta gudu, bango na nan inda yake. Gumi ya jiƙa shi, ya sauko. Washegari ya sake hawa.

'Yar tasa ya yafe mata da wuri, ya ce tsoro ne ya sa ta. Mai Faci kuwa ya zo sau uku, aka amsa masa gaisuwa daga bakin ƙofa.

"Mutumin nan ranka ya ceta," matarsa ta ce.

"Wataƙila. Da ya dubi idona ya ce zai faɗa wa 'yata, da na zage shi na huce. Amma sai ya ɗauke ni yaro."

Da gangar ta fara kuka bayan wata biyar, matar ta ce bari ta aika rumfa. Ya hana. Ya sa aka nemo wani mai gyara daga can ƙarshen gari, wanda bai san shi ba, ya tsaya a kansa har ya gama zuba mai.