Finjalan da Aka Kife

Jiya jikata ta kife finjali a kan faranti, sai Malam ya faɗo mini a rai.

Shi ya haɗa ƙungiyarmu ta ɗalibai Hausawa a Makka, a shekarun sittin, muna kwaleji. Matattararmu zauren gidansa ne a unguwar Tandabawi. Duk wanda ya shigo ƙungiya da finjalinsa yake zuwa. In ya koma gida, ko ya rasu, sai a kife nasa a kan kanta. Tarihinmu ke nan.

Kowace Juma'a bayan la'asar, ƙamshin na'ana'a ya cika zaure, Malam zai wanke finjalan duka, har kifaffun, yana kiran sunayen masu su.

Ran nan na ce, "Malam, me ya sa kake wahala da na waɗanda ba za su dawo ba?"

Ya ce, "Ya waladi, ɗana, ranar da ƙura ta rufe finjalin mutum, ranar ya bar mu."

Da ya rasu, ni aka ba nasa in kife. Daga baya aka rushe gidan, ban san inda finjalan suka shiga ba.

Allah Ya shayar da shi ruwan Alkausara, a kofin da ba a kifewa.