Geua Mai Ciyar da Sauro

Duk wanda ya ce aikin Yaya Geua wasa ne, ya zo ya zura hannunsa a kejin sauron nan, sannan mu yi magana. Ni da idona na gani. Ɗaki ɗaya muke aiki a wurin binciken zazzaɓin cizon sauro da ke birnin Cairns na Ostireliya, gida ɗaya muke haya, bas ɗaya muke shiga da safe. Daga Papua New Guinea muka zo, ƙauyukanmu na bakin teku suna kallon juna. Ita ta fara zuwa Ostireliya, daga baya ta jawo ni, ni Boio.

A gida ma'aikaciyar ƙaramin asibiti ce, tana ɗibar jini tana dubawa. A nan kuwa kiwon sauro aka ba ta. E, kiwo! Ɗaki ne mai ɗumi da laima, ga farantan ruwa cike da 'ya'yan sauro suna wutsil-wutsil, ga kejin raga jere a kan kanta. Da ta shiga sai ta gaishe su: "Kun tashi lafiya, marasa kunya?" Ta barbaɗa wa ƙananan garin abincin kifi, ta jiƙa wa manyan auduga da ruwan sukari. Da rana ta buɗe kwanon shinkafa da kifin gwangwani, Turawa na taunar ganye da burodi suna satar kallonta. Ko ka ce ka ƙoshi, sai ta zuba maka.

Amma abin da kowa ya san ta da shi, sheƙi ne. Geua ba ta taka bakin ƙofa sai ta mulke jikinta da man kwakwa, wanda mahaifiyarta ke soyawa da furanni ta aiko mata. Haka aka raine mu. Mace ta fita fata furu-furu, ai ta shaida wa duniya ba ta da uwa, ba ta da mai kula da ita.

Ana nan sai Lachlan, shugaban ɗakinmu, ya kawo ƙwan sauro daga gaɓar tekunmu. Sauron can sun sauya hali, sun daina jiran tsakar dare, tun magariba suke cizo kafin a shiga gidan sauro, yara na ta kwanciya. Ana so a raya irinsu a nan, a gwada sabon magani a kansu. An sha kawowa suna mutuwa. Lachlan ya tara mu ya faɗa ba ɓoye-ɓoye: idan waɗannan ma suka mutu, za a rufe binciken, a koma kan wani abu daban.

To, macen sauro ba ta yin ƙwai sai ta sha jini. Sauran sauron ɗakin, a ɗan kofi ake ɗumama musu jini su sha abinsu. Waɗannan 'yan garin namu kuwa, ko kallon kofin ba su yi ba. Fatar mutum suke so. Ba cuta a jikinsu, tunda a nan aka ƙyanƙyashe su, amma cizo dai cizo ne. Lachlan ya ba su nasa hannun, ya kumbura suntum, likita ya ce kada ya ƙara. Wasu suka gwada, sauron suka ɗan lasa suka bari. Ni kuma ina da ciki, an hana ni.

Geua ta naɗe hannun riga. "Matsa, Lachlan. Waɗannan sun san ni tun ina cikin tsumma."

Ta zura hannu, muka zuba ido. Shiru. Sauron nan suka lafe a jikin raga, ko ɗaya bai sauko ba.

"Kai, jama'a!" ta ce. "Ni za ku yi wa yanga? Kakanninku da jinina suka yi ƙiba!"

Lachlan ya matso, ya shinshina iska, kunnuwansa suka yi ja. "Geua, kada ki ji haushi. Me kike shafawa?"

Man ne. Ƙamshin furannin ke korar su. Ya ce in za ta ciyar da su, ba mai, ba turare, ba sabulu mai ƙamshi, kuma ba a hannu kaɗai ba, jiki duka. Ta dube shi sama da ƙasa. "Ka ce in fita tsirara kawai ka huta." Amma da muka koma gida, ta ɗauki kwalbar ta ɗora can saman kabad.

Bayan 'yan kwanaki ƙamshin ya fita, sauron suka yi mata caa. Na ga gumi na tsattsafo mata a goshi, tana cije leɓe, tana zaginsu ƙasa-ƙasa har suka ƙoshi. Hannuwan suka yi burɗin-burɗin, fatar ta bushe ta yi fari. A zafin Cairns ta koma sa riga mai dogon hannu, ko a coci ba ta cirewa. Ƙwai suka fara samuwa, amma kaɗan-kaɗan, iya abin da zai hana irin ƙarewa.

Sai ga bikin ranar 'yancin ƙasarmu ya taho. Duk shekara mutanenmu na Cairns kan taru a filin bakin ruwa, kuma Geua ce ke jan rawar mata: buje na zaren kaba, gashin tsuntsu a ka, hannuwa a waje suna walƙiya. Bikin Asabar ne. Sabbin sauron da suka tashi kuma, ranar Lahadi da safe za su sha jininsu na farko. In suka ƙi sha, shi ke nan, ba wasu a bayansu.

Na roƙe ta. "Yaya, rana ɗaya ce. Ki shafa, in mun dawo na dirje ki da soso."

"Ke kin san man Inna ba ya fita a wanka ɗaya."

"To ki ce ba ki da lafiya, abokiyar rawarki Konio ta ja rawar."

"Konio? Wadda ƙafarta ta hagu ba ta san ta dama ba? Allah ya kiyaye!"

Haka ta fito fili, hannu duk tabo, fata kamar an yi mata wanka da toka. Wallahi ni na ji kunya a madadinta. Konio ta riƙe haɓa. "Yaya Geua, lafiya? Ko Turawan sun hana ki albashi ne, mu yi miki karo-karon mai?" Mata suka kwashe da shewa.

Wannan duk mai sauƙi ne. Al'adarmu, kafin a fara rawa, tsohuwar da ta fi kowa shekaru ce ke bi tana shafa wa 'yan rawa mai da hannunta, albarka ce take sa musu. Kaka Dairi, wadda ke zaune wurin ɗanta a nan, ta taho da ƙoƙonta tana ɗingishi. Ta iso kan Geua, ta tsoma hannu, ta miƙo. Geua ta ja da baya, ta durƙusa.

"Kaka, ki gafarce ni. Jikin nan ba nawa ba ne sai gobe ta wuce."

"Na wa ne?"

"Na sauro, Kaka. Sauron gida. Muna neman abin da zai hana su kashe mana yara, in kuma suka ji mai ba za su ci ba."

Ba a taɓa mayar wa tsohuwa da hannunta ba. Kaka Dairi ta daɗe tana kallon tabon nan, man na ɗiga daga yatsunta. Sannan ta wuce ta gaba. Aka buga ganga, Geua ta ɗaga busassun hannuwanta sama ta ja rawar har ƙarshe, ba ta ɓata taku ko ɗaya ba. Sai da muka shiga bas ta kifa kai a kafaɗata ta yi kuka.

Ranar Lahadi sauron suka sha har cikinsu ya yi jajir. Da tsakiyar mako muka buɗe keji, muka tarar da jiƙaƙƙiyar takardar da suke yin ƙwai a kai ta yi baƙi ƙirin da ƙwai. Lachlan ya kama tsalle kamar yaro. Ni kuwa ji na yi kaina ya yi girma, don na san wadda ta biya.

Muna cikin murnar, sai mai gadi ya leƙo, ya ce wasu mata na neman Geua a ƙofa. Muka fita. Kaka Dairi ce, da Konio, da wasu 'yan rawar. Dukansu furu-furu, ba wadda ta shafa ko ɗigon mai.

Lachlan ya fara bayanin cewa sai likita ya duba mutum tukuna kafin ya ciyar da sauro. Kaka ta ɗaga masa hannu.

"Ɗana, ya duba. Yarana biyu na binne a damina ɗaya saboda zazzaɓin nan, kuma ba wanda ya taɓa ce mini akwai abin da zan iya yi." Ta naɗe hannun rigarta har kafaɗa, ta juya wajen Geua. "Ke 'yar nan, je ki shafa manki, kin yi muni. Nuna mini inda sauron suke."